Yoyon Babur ɗin Kawu

Babur ɗin da nake hawa yanzu ya girme ni da shekara biyu. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, ya saye shi sabo fil lokacin yana malamin gona, kuma a kansa ya yi aikinsa kaf har ya yi ritaya. Irin na da ne, baƙi, ƙarfe zalla, mai doguwar kujera da nauyi kamar na buhun dawa biyu. An daɗe da daina kawo irinsa. A Birnin Kudu dai ban san wani irinsa da yake tafiya da ƙafarsa ba, sai gawarwakinsu da ake gani jingine a bayan gareji, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu.

Bayan ritaya da 'yan shekaru Kawu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, baki ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi, amma hankalinsa garau yake. Tun daga nan aka tura babur ɗin ɗakin da Inna, matarsa, take ajiye buhunan gyaɗa da dusar awaki. Shekara tara ya yi a ciki. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo sun fi sau nawa, Kawu yana ɗaga musu hannun hagu alamar su ƙara gaba.

Ni malamin dabbobi ne. Gidana yana Birnin Kudu, aikina yana ƙasar Gwaram, yawanci Sara da rugagen da ke kewayenta. Aiki ne da ba ya yiwuwa sai da abin hawa, don saniya ba ta zuwa ofis, kai ne za ka bi ta inda take. Ina da ɗan babur na zamani da na yi shekara biyar a kansa, sai a farkon wata damina injinsa ya buga, bugun da bakanike ya ce gyaransa da sayen wani duk ɗaya ne. Na yi mako uku ina bin motocin haya, daga bakin titi kuma in taka da ƙafa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya gaishe da Kawu. Yana kan tabarmarsa a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ya jingina da matashi. Muka gaisa, ya dubi ƙafafuna da suka yi futu-futu, ya ce, "Ina dokin naka?"

Na ba shi labari. Ya nuna ɗakin gyaɗa da haɓarsa.

"Fito da shi."

"Kawu, wannan ai ya mutu."

"Kai ka yi masa salla?" ya ce. "Fito da shi, na ba ka. Amma sharaɗi ɗaya. Duk abin da aka cire a jikinsa, ko ƙusa ce, kada a yar. A kawo mini in gani."

Inna tana tankaɗe a gindin turmi, ta ce, "Alhamdu lillahi, in samu wurin sa buhuna. Ka ɗauke shi yau ɗin nan, kada ya canja shawara."

Ni da maƙwabcinsu muka jawo shi waje. Tayoyi sun sace sun tsattsage, ɓeraye sun cinye soson kujera, zanzaro ya yi gini a cikin salansa, bututun hayaƙi. Amma da na taka kik sai na ji injin ya juya, bai kafe ba. Ashe kafin ciwon ya kwantar da shi sosai, Kawu ya sa an cire fulogi an ɗura baƙin mai a ramin, an mayar. Da ya ga ƙafata ta sauka da kik ɗin sai ya yi murmushi da rabin bakinsa.

Sati biyu aka yi ana tashinsa. Na kai shi wajen wani bakanike a bakin tasha, aka sa sababbin tayoyi da batir da fulogi, aka yi juyen baƙin mai, mai ɗinkin kujeru ya yi masa sabuwar riga. Ranar da ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe garejin, mutane suka taru suna dariya. Sautinsa daban ne, mai kauri, ba irin kukan sauron nan na baburan yanzu ba. Na hau na nufi gidan Kawu, Inna ta ce tun ina kan kwana ya ɗago kai.

Matsala ɗaya ta rage, ita ce yoyo. Kafireto, wato ɗan ƙarfen nan da ke tsakanin tanki da inji, inda mai yake haɗuwa da iska kafin ya shiga ya ƙone, yana zubar da mai ta wani ɗan siririn tiyo da ke ƙasansa. In ina tafiya ba na lura. Da na tsaya kuwa sai ka ji ɗis, ɗis, kafin a jima ƙasa ta yi baƙi a ƙarƙashin injin. Bakaniken ya ce in rabu da shi, tsufa ne, in dai na tsaya in riƙa rufe famfon mai da ke ƙarƙashin tanki. Ya kuma nuna mini wata dabara: in yoyon ya yi yawa, in ƙwanƙwasa gindin kafireton da ƙotar sukundireba, zai tsaya. Yakan tsaya ɗin kuwa, na yini ɗaya ko biyu.

Haka na yi wata biyu. Wandunana duk suka ɗauki warin fetur. Mai ɗakina ta hana ni shigar da shi tsakar gida saboda murhu, sai a zaure yake kwana, da tsohon kwano a ƙarƙashinsa. Kawu ya tambaye ni sau biyu, "Yana riƙe mai?" Ina ce masa lafiya lau, don ba na son in ɗaga masa hankali, kuma gaskiya ina ganin ƙaramin abu ne.

Ranar da na gane ba ƙaramin abu ba ne, tsakiyar damina ce. Na cika tanki da safe a Birnin Kudu, na isa ofishinmu na Sara, na kafe babur a gindin bishiya. Na tarar da mutane suna jira da awaki masu zawo, hankalina ya tafi can, na manta ban rufe famfo ba. An yi ruwa da asuba, ƙasa a jiƙe take, don haka ko alamar zuba ban gani ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani dattijo makiyayi da na saba duba masa shanu ya kira ni a waya. Ya ce karsanarsa tana naƙuda tun hantsi, haihuwar fari, ƙafa ɗaya ta leƙo ta tsaya.

Na ce, "Baffa, kada a ja. A bar ta a tsaye in za ta iya. Ga ni nan."

Rugarsu tafiyar kamar minti arba'in ce a babur, ta burtali. Na ɗaure jaka a baya na kama hanya. Na bar titi, na wuce gonakin gero, na shiga wani wuri mai yashi, sai babur ya fara shaƙewa. Ya yi tari biyu ya mutu. Na juya famfo zuwa ragowar mai na ajiya, ya tashi ya ɗan taɓa tafiya, ya sake mutuwa. Na buɗe tanki na leƙa, na girgiza. Ko ɗigo babu. Man da zai kai ni kwana uku ya tafi cikin ƙasa a gindin bishiyar ofis.

Na gwada kiran wani abokin aikina, babu sabis. Na fara turawa. Duk wanda bai taɓa tura irin wannan babur a jiƙaƙƙen yashi ba, ba zai gane ba. Ban yi nisa ba numfashina ya ƙare. Na hango wani manomi yana huɗa da shanu a gefen hanya, na tura zuwa gindin ɗorawar gonarsa, na yi sallama na ce zan bar masa amana. Ya ce in tafi, ko kwana zai yi ba abin da zai taɓa shi. Na saɓa jaka na taka.

Sai bayan azahar na isa. Karsanar tana kwance a gefenta, idonta ya yi fari-fari, mata da maza sun kewaye ta. Na wanke hannu na sa, na tarar da kan ɗan maraƙin ya lanƙwashe baya, ƙafa ɗaya kuma ta naɗe. Na tura shi ciki, na gyara kan, na miƙar da ƙafar, muka ɗaura igiya muka ja a hankali ni da ɗan dattijon. Ya fito, namiji, ja, amma babu rai. Jikinsa da ɗumi. Uwar dai na yi mata allura, na zauna har ta ɗaga kai ta sha ruwa.

Dattijon bai tambaye ni abin da ya tsayar da ni ba. Ni na faɗa masa da bakina. Ya ce, "Likita, abin da bai zo da kwana ba, ko a gabanka aka fara ba zai tsaya ba. Uwar ta tashi, mun gode Allah." Ya sa aka kawo mini fura da nono, ɗansa kuma ya zuƙo mini mai a gora daga babur ɗinsa, ya kai ni har gindin ɗorawar. Har yau ban sani ba ko da na iso da wuri maraƙin zai rayu. Mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma a'a. Abin da na sani shi ne na ɓata awa biyu a hanya saboda abin da na yi wata biyu ina gani ina kau da kai.

Washegari na koma wajen bakaniken na ce a yi maganin abin gaba ɗaya. Ya ce magani ɗaya ne, a cire tsohon a sa sabo na baburan yanzu. Wuyan sabon bai yi daidai ba, ya yanko robar tiyo ya cusa ya ɗaure da waya. Yoyo ya tsaya. Amma babur ya zama wani iri. In na tsaya sai ya mutu, in na ja totur sai ya yi jinkiri kamar mai tunani, a hawa kuwa sai na sauko giya ɗaya. Na tuna sharaɗin Kawu, na sa tsohon kafireton a leda na kai masa.

Tun kafin in kashe injin ya ce, "Wa ya shaƙe shi?"

Na zauna na gaya masa komai, har da zancen karsana. Na ɗauka zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya karɓi ledar, ya ɗora kafireton a cinyarsa, yana juya shi da hannun hagu.

"Na tambaye ka sau biyu," ya ce.

"Haka ne, Kawu."

"To. Gobe Asabar, ba ka da aiki. Ka zo da safe. Ka taho da kananzir, da faranti mai faɗi, da tsohon buroshin haƙori. Wancan sabon kuma ka cire ka mayar wa mai shi."

Da safe na zo. Inna ta shimfiɗa mana farin buhu a gaban tabarmarsa, don Kawu ya ce duk abin da ya faɗi a ƙasa ya tafi kenan. Ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai sufanu ƙanana, da sukundireba mai ƙotar katako, da filaya, duk a naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Ni ne hannu, shi ne ido. In na kai hannu inda bai kamata ba sai ya buga tabarma da tafinsa.

Muka kwance ƙoƙon da ke ƙasa. Gindinsa cike yake da jan gari kamar an zuba barkono. Kawu ya ce tsatsar tanki ce. Ya nuna mini yadda abin yake aiki, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. Mai yana gangarowa daga tanki ya cika ƙoƙon. A cikin ƙoƙon akwai wasu 'yan ganguna biyu na tagulla, haɗe da juna, babu komai a cikinsu sai iska. Su bakanikai suke kira fulot. In mai ya taru sai su taso sama, su tura wata 'yar allura ta toshe ƙofar da man yake shigowa. In allurar ba ta zauna daidai ba, ko fulot bai taso ba, mai ba zai daina shigowa ba, sai ya cika ya bi tiyo ya zube.

"Shi kenan," ya ce. "Ba aljani a ciki. Ko datti, ko allura, ko fulot."

Muka fara da datti. Na cire tanki, na zuba masa kananzir da tsakuwa cikin hannu biyu, na yi ta girgiza shi har kafaɗuna suka yi tsami. Abin da ya fito ja ne kamar ruwan gulbi. Sau huɗu na yi kafin ya fito fari. Na wanke kowane rami na kafireton da buroshi, ina hurawa da baki. Da na ɗauko waya zan zura a wani ɗan rami, Kawu ya buga tabarma. Ya ce waya tana faɗaɗa ramin, in ciro zare ɗaya daga tsintsiyar kaba. Mazaunin allurar kuma ya sa na naɗa auduga a kan tsinken ashana, na shafa man goge baki, na yi ta murzawa a ciki har ya yi ƙyalli. Takardar da ke bakin ƙoƙon don hana yoyo ta mutu, ta karye a hannuna. Ya sa Inna ta kawo kwalin shayi, na shafa baƙin mai a bakin ƙoƙon na danna a kai, na bi sawun da reza na yanke sabuwa.

Wajen la'asar muka haɗa, na ɗaura, na buɗe famfo. Muka zuba ido. Minti ɗaya, minti biyu, shiru. Har na fara murna, sai ga ɗigo ya taru a bakin tiyo ya faɗo.

Inna ta ce, "Yini guda, ko abincin kirki ba ku ci ba."

Kawu ya ce, "Saura ɗaya. Kwance."

Na sake kwancewa. Ya ce in ciro fulot in kai kunnensa in girgiza. Na yi. Ya ce in kai nawa kunnen. Sai na ji wani ɗan motsi a cikin ganga ɗaya, kamar ruwa a cikin ƙwai da ya lalace. Mai ne ya shiga ciki, ya yi mata nauyi, ta daina tasowa sosai. Na duba ko'ina ban ga huda ba. Kawu ya ce wa Inna ta ɗora ruwa, in ya yi zafi kafin ya tafasa ta sauke ta kawo nan, nesa da wuta. Na kama fulot da filaya na nutsa shi a ciki. Nan da nan wasu 'yan kumfa ƙanana suka fara fitowa a jere daga gefen ɗinkin gangar, wurin da ko tsinin allura ba zai shiga ba. Kawu ya ce in yi wa wurin alama da ƙusa.

Sabon fulot irin wannan babu shi. Na zaga masu kayan babur na Birnin Kudu, na aika Kano wajen wani direba, duk abin da ake kawowa na roba ne kuma bai shiga. Kawu ya ce a bar nema, a liƙe. Ya ce a kasuwar Sara, bayan 'yan tukwane, akwai mai facin bokitai da fitilu da dalma, in yana raye. In ba ya nan in nemi wanda ya gaje shi. Amma kafin nan in bar fulot ɗin a rana kwana uku, hudar tana ƙasa, har man ciki ya fita tas, in ba haka ba da ya ji wuta zai fashe.

Ranar kasuwa na same shi. Yana raye, tsoho ne ƙwarai, da tabarau ɗaure da zare, yana zaune a gaban ɗan kaskon gawayi, bokitai da butoci jibge a gefensa. Na gaishe shi na miƙa masa fulot. Ya juya shi, ya shinshina.

"Na wane babur ne wannan? An daɗe ban ga irinsa ba."

Na kwatanta masa mai shi, malamin gonan da yake zuwa da baƙin babur shekarun baya.

"Mai faɗan nan a kan tazarar shuka?" ya ce. "Yana nan? Allah sarki. Ai wannan ɗinkin na gefe ni na yi shi. Duba." Ya nuna mini wani ɗan tabo fari a ɗaya gangar, wanda ban lura da shi ba. "Ya tsaya a kaina kamar zai cinye ni, wai kada in sa dalma da yawa."

Ya kankare wurin da na yi wa alama har ya yi haske, ya ɗora ƙarfensa a wuta. Da ƙarfen ya yi zafi ya ɗauko shi. Ya taɓa dalma, ya taɓa wurin, sau ɗaya. Ya tsoma a ruwan zafi, babu kumfa. Ya ce in gaishe da mai babur, in ce masa har yanzu mutanen nan cusa iri suke yi yadda suka ga dama.

Na isar da saƙon. Kawu ya yi dariya har tari ya kama shi, Inna ta kawo ruwa. Sannan ya karɓi fulot ya ɗora a tafin hannunsa yana aunawa. Ya ce gefen da aka liƙe ya ɗan fi nauyi, ba laifin mai facin ba ne, dole ne. Ya sa na goge dalmar da 'yar takarda mai yashi, kaɗan-kaɗan, yana karɓa yana ji, har ya ce ya isa. Akwai wani ɗan harshe na ƙarfe tsakanin gangunan, wanda yake tura allurar. Ya ce in lanƙwasa shi sama, kaurin farce kawai. Na lanƙwasa ya yi yawa, babur ya tashi amma da na ja totur sai ya shaƙe, mai ba ya isarsa. Na kwance na rage. Sai ya koma ɗiga. Sau biyar na kwance ƙoƙon nan a ranar, har yatsuna suka san kowace ƙusa ba tare da na duba ba.

A na biyar ɗin muka buɗe famfo, Kawu ya ce in shimfiɗa takarda a ƙarƙashin injin, mu tafi sallar la'asar. Na kama shi ya yi alwala, muka yi salla a nan tsakar gida, shi a zaune. Muka sha kunu. Da na je na ɗauko takardar, a bushe take. Na kawo masa, ya shafa ta da yatsa, ya shinshina. Ya ce in tayar. Taka ɗaya ya kama. Ya sa na juya wata 'yar ƙusa a gefe, yana saurare da ido a rufe, yana ɗaga yatsa in ƙara, yana saukewa in rage, har injin ya zauna yana bugawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Kawu, in ɗauke ka mu ɗan zaga? Ko zuwa Kangire mu dawo. Sai a ɗaura ka a bayana da zani."

Ya girgiza kai. "Na hau rabona. Kai dai ka riƙa rufe famfo ko ba ya yoyo. Kuma duk wata uku ka kwance ƙoƙon ka wanke, man yanzu ba shi da tsabta."

Bayan nan ya yi shekara biyu da 'yan watanni a duniya. Kusan duk Juma'a ina zuwa, kuma kafin mu gaisa sai ya faɗi abin da ya ji a sautin injin. Wani lokaci ya ce sarƙa ta saki, wani lokaci ya ce fulogi ya yi baƙi, kuma da wuya in duba in tarar ba haka ba ne. A wajensa na koyi gyaran birki da ɗaure waya da saita kuloci, duk a kan farin buhun nan. Da ya rasu, ɗansa da ke aiki a Kano ya zo, aka zauna rabon gado. Na kawo maganar babur da kaina, don kada a bar ta a ciki. Inna ta ce kyauta ce, a gabanta aka yi, har da jakar sufanu. Ɗan ya ce ko ba a ba ni ba, shi ba zai iya da shi ba.

Yanzu shekara huɗu kenan da liƙin, bai sake zubar da ko ɗigo ba. Abokan aikina suna yi mini tsiya, wai ni da babur ɗina za a yi mana ritaya rana ɗaya. Amma in damina ta yi nisa, hanyoyin rugage suka lalace, nasu ne suke maƙalewa a laka. Wasu masu tsofaffin babura da injin ban ruwa sun fara kawo mini kafireto gida ranar Asabar, ina duba musu in ina da sarari, ba sana'a na mai da shi ba.

Abin da yake damuna kwanan nan haƙoran da sarƙa take hawa ne a tayar baya. Sun cinye sun yi tsini, sarƙar tana tsalle in na ɗauki kaya. Na kasuwa ramukansu ba su dace ba. Wani mai sayen fata ya gaya mini ya ga irin babur ɗin a wani gida a cikin garin Gwaram, an jingine shi a bayan rumbu, injin babu amma tayar baya tana nan. Ya ce mai gidan mutum ne mai wuyar sha'ani, ba ya son a yi masa maganar sayarwa. Na tambaya an ce yana da tumaki da yawa, don haka ranar da za mu je rigakafi unguwarsu zan fara da garkensa, in mun saba sai in kawo maganar.